Takun Sabon Sukuru

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kai da abokan aikinka, kuma teku ba ta jijjiga ku da yawa. Umma tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ciwon bayan nan ya sake ka. Na leƙa gidanka, matarka da yara duk lafiya lau, ƙaramar har ta fara tafiya tana dafa kujeru.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina, ni da kake cewa ko sunana ƙyuyar rubutawa nake yi. Na nemi wayarka har na gaji. A ofishinku suka ce ba za ta shiga ba sai kun matso gaɓa, amma akwai jakar saƙo da suke aika wa jirginku. Yaya, wani abu ya faru a shagon Baba, kuma gara ka ji shi daga gare ni. Dogo, tsohon ma'aikacin Baba, ya rasa yatsu biyu a hannunsa na hagu. Yana asibiti, likitoci sun ce ransa ba ya cikin haɗari.

Tunda kai tun kana yaro ka guje wa ƙarfe ka koma wa tukunya, bari in yi maka bayani yadda za ka gane. Ka tuna babban injin sassaƙa ƙarfe mai kwamfuta, na kusa da taga, wanda Baba yake kira Giwa. Teburinsa da kansa suna tafiya ne a kan dogayen sukurori uku, ɗaya na hagu da dama, ɗaya na gaba da baya, ɗaya na sama da ƙasa. Kowanne yana da noti, wato zoben da sukurun yake juyawa a ciki, cike da 'yan ƙwallayen ƙarfe. Tsofaffin sun cinye har aiki ya fara fitowa a karkace, sai muka yi odar sababbi. Irin na da ba a samun su yanzu. Su na inci ne, juyi biyar inci ɗaya cif. Sababbin na milimita ne, duk juyi ɗaya tebur ya matsa milimita biyar. Wannan tazarar ita muke kira taku. Ita kuwa kwamfutar Giwa ba ta jin milimita, inci kaɗai ta sani, haka ma zanen da masu gyaran famfo suke kawo mana duk na inci ne. Dole sai an gaya mata takun da yarenta: a raba biyar da 25.4, a sami 0.19685, a saka mata.

Da muka gama ɗaura sukurorin, Baba ya tsaya a kaina kamar ranar da na fara aiki. Ya ja min kunne cewa malalata 0.2 suke sakawa su ce ai kusan ɗaya ne, sai an yanka dogon ƙarfe a ga ya gaza. Na yi dariya na ce na sani, ya ce sanin ba ya hana a maimaita min. Ni na saka lambar da hannuna a gurabe ukun. Na ɗora agogon awo, na ce wa injin ya tafi inci ɗaya, ya tafi inci ɗaya, allurar ta tsaya inda ya kamata. Kowane ɓangare sai da na gwada shi, Dogo yana kallo, Baba yana kallo. Muka matse ƙarfen da za a fara yankawa a kan tebur, muka bar wuƙar injin a samansa da kamar inci ɗaya, muka bar injin a kunne, muka tashi.

Da safe na ɗan makara, sai da na kai yaro makaranta. Ina shiga na tarar Dogo ya riga ya tsaya a gaban Giwa. Akwai yadda muke nemo saman ƙarfe: a shimfiɗa siririyar takarda a kansa, a riƙe da yatsu, a riƙa sauko da wuƙar kaɗan-kaɗan har ta kama takardar. Dogo ya yi wannan ya fi gashin kaina yawa. Ina rataye jakata ina ce masa ina kwana, ya danna maɓalli sau ɗaya, dannar da ya kamata ta sauko da wuƙar kashi ɗaya cikin goma na inci.

Yaya, kan injin ya sauko kamar an tsinke masa igiya. Wuƙar ta ratsa takardar, ta ratsa yatsunsa, ta nutse cikin ƙarfen ta karye. Ƙarar da na ji ban taɓa jin irinta ba, kuma ka san a cikin ƙara aka haife mu. Dogo bai yi ihu ba. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Auta, ɗaga min shi." Na tsaya kamar an dasa ni. Mai walda na maƙwabta ne ya faɗo a guje ya doki jan maɓallin da ke kashe komai. Na ji tsoron in sake taɓa kwamfutar, sai na hau bayan injin na cire murfi na riƙa juya sukurun da sifana irin ta kwance noti har kan ya ɗaga. Ban san na iya wannan ba sai da na ga na yi. Muka naɗe hannun da rigar aikina, mai walda ya saka mu a motarsa.

Baba duk wannan yana bakin ofis da kofin shayi a hannu. Bai matsa ba. Da muka dawo daga asibiti na ga ya kulle shagon ya tafi gida, shayin yana nan a kan taga.

Abin da ke cin raina shi ne ni ce ta ƙarshe da ta taɓa lissafin nan. Na gwada, na san na gwada, amma inji ba ya yin abin da ba a gaya masa ba. Matar Dogo ta riƙe hannuna a asibiti tana yi min godiya don na ciro shi, ni kuwa na kasa kallon idonta. Har yanzu ban iya komawa na kunna Giwa ba.

Ka saka Dogo a addu'a, ka saka ni. Ka gaida duk wanda ya san ni a wurinku.

Ƙanwarka,
Auta


Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina fata jiki da aiki duk lafiya. Takardarka ta iso, na karanta wa Umma ɓangaren da ya shafe ta, ta ce Allah ya yi maka albarka. Na isar wa Dogo gaisuwarka. Ya yi murmushi ya ce in gaya maka yanzu ko albasa ba zai iya taya ka yankawa ba. An sallame shi zuwa gida, ciwon yana kamewa.

Ka ce kada in yanke wa kaina hukunci sai na ga abin da ke cikin injin. Na bi maganarka. Mijina, baban yara, ya raka ni, ya tsaya a bakin ƙofa don shi jinin da ya bushe a kan tebur bai iya kallonsa ba. Na cire wutar motocin da ke juya sukurorin yadda babu abin da zai motsa, na kunna kwamfutar kaɗai, na saka lambar sirri, na buɗe shafin da ake rubuta taku. Na hagu da dama yana nan 0.19685. Na gaba da baya haka. Na sama da ƙasa kuwa 0.00775.

Na daɗe ina kallon lambar nan. Ba tawa ba ce. Da kuskuren yatsa ne, da zan ga ɗigo ya matsa ko lamba ɗaya ta canza, amma wannan ba ta yi kama da komai ba. Na zauna a kan durom da kalkuleta ina ta buga abin da ya zo min, na ninka, na raba, na juya. Can sai na raba 0.19685 da 25.4. Ga ta nan ta fito, 0.00775. Wani ya zo bayana ya tarar da lambar da aka riga aka mayar inci, ya ɗauka tana milimita, ya sake raba ta. Kwamfutar ta ɗauka juyi ɗaya ba ya matsar da kan injin sai kamar kaurin gashi biyu ko uku, don haka ta juya sukurun ninki ashirin da biyar da ɗoriya. Kashi ɗaya cikin goma na incin da Dogo ya nema ya zama inci biyu da rabi. Iyakar da aka saka wa injin don kada ya wuce gona ita ma da wannan lambar take lissafi, shi ya sa ba ta tare komai ba.

Kada ka ɗauka na ji sanyi. Na ji na ɗan lokaci, sannan na tuna mu uku kaɗai muka san lambar sirrin: ni, Baba, da Dogo.

Na je gidan su Umma na sami Baba a tsakar gida na gaya masa abin da na gani. Na zaci zai yi shiru ya yi tunani kamar yadda ya saba, ka san shi da cizon leɓe kafin ya yi magana. Sai ya miƙe tsaye yana faɗa, wai Dogo ne, dama can yana da shisshigi, ya daɗe yana son ya nuna ya fi kowa. Ban taɓa jin Baba ya faɗi irin wannan a kan Dogo ba. Kafin in ankara ya saka takalmi ya fita, na bi shi ina ba shi haƙuri har ƙofar gidan Dogo.

Yaya, da ma ban ga abin da na gani ba. Mutum yana kwance da hannu a naɗe, matarsa da 'ya'yansa suna zaune, Baba ya tsaya a tsakiyar ɗaki ko zama bai yi ba, ya ce masa shi ya jawo wa kansa, ya ɓata masa inji, kuma kada ya sake taka masa shago. Dogo da ya fara aiki da Baba tun kafin a haife ni. Dogo da yake ɗora ka a wuya ya kai ka makaranta ranar da ka ƙi tafiya. Ya yunƙura ya zauna, ya ce shi wannan shafin ko buɗe shi ba ya yi, tsoronsa yake ji, kuma Baba ya fi kowa sani. Sai hawaye suka zubo masa. Ranar da wuƙa ta cire masa yatsu bai yi kuka ba. Matarsa ta tashi ta buɗe labule ta riƙe, muka fita.

Ni dai ban yarda Dogo ne ba. Mutumin da zai canza lamba ba zai saka hannunsa a ƙarƙashin wuƙa bayan ya canza ba tare da ya gwada ba. To in ba shi ba ne, waye? Har na fara zargin kaina, ina tambayar baban yara ko ya ga na koma shago a ranar. Ya ce in daina, tare muka dawo gida, tare muka ci abinci.

Da na ba Umma labarin abin da Baba ya yi, na zaci za ta yi masa magana, tunda ita kaɗai yake ji. Ta ci gaba da ninke kayan wanki, ta ce in bar shi ya huce. Ban gane mata ba.

Na tsaya nan, kaina yana ciwo. Ka kula da kanka, ka rage tsayuwa a gaban murhu saboda bayan nan.

Ƙanwarka,
Auta


Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu ma jikinmu lafiya. Yaranka suna gaishe ka, babban ya ce ka taho masa da hular matuƙin jirgi. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karanta wannan, kuma kada ka karanta a gaban mutane.

Na gyara Giwa. Allah ya taimaka sukurun bai lanƙwashe ba, boris ɗin da ke riƙe shi ta sama kawai na canza, na wanke tebur. Na mayar da lambar daidai, na ɗora agogon awo na gwada har sai da na gaji da gwaji. Masu famfo suna ta sintiri a kan aikinsu, na ce su ƙara haƙuri. Baba ya dawo zuwa shago, yana zama a ofis, ba ya ambaton Dogo.

Rannan da rana tsaka na fita bayan shago wanke hannu. Ban daɗe ba. Da na dawo na hango Baba a gaban Giwa, tabarau a kan hanci, kalkuleta a hannun hagu. Na tako a hankali na tsaya a bayansa. Ya riga ya saka lambar sirri, ya buɗe shafin taku, yana kan na hagu da dama. Ya karanto 0.19685 a fili, ya girgiza kai kamar wanda ya kama yaro da laifi, ya buga a kalkuleta, ya raba da 25.4. Sannan ya goge tawa ya rubuta 0.00775, lamba bayan lamba, a natse, har yana ɗan rera waƙa a maƙogwaro kamar yadda yake yi in aiki yana masa daɗi.

Na ce, Baba, me kake yi? Ya juyo ba tare da ya firgita ba ya ce, "Kun bar shi a milimita. Ba don na duba ba da kun kashe mutum."

Na kashe wutar motocin tukuna. Sannan na tambaye shi, a hankali yadda zan iya, takun sabon sukurun nawa ne. Ya ce milimita biyar mana, har yana harara ta don na yi masa tambayar yara. Na ce to ya raba min biyar ɗin da 25.4. Ya buga. Lambar ta fito, 0.19685. Ya dube ta. Ya dubi fuskar kwamfutar. Ya sake duban kalkuleta. Na ga leɓensa yana motsi babu sauti. Na san lokacin da abin ya isa gare shi, don fuskarsa ta sauka gaba ɗaya, kamar an zare mata wani abu daga ciki.

Ya tambaye ni ko ranar Dogo ma shi ya buɗe shago. Na ce ai kullum shi yake buɗewa. Ya ce ba ya tuna ya taɓa injin. Ya sake cewa ba ya tunawa, amma wannan karon ba musu yake yi ba. Ya nemi wurin zama bai samu ba, sai ya zauna a ƙasa, a kan tarkacen ƙarfe da baƙin mai, da fararen kayansa. Baban da ko jingina da bango ba ya bari mu yi a shago. Na durƙusa kusa da shi. Ya miƙo min kalkuletar kamar tana ƙona shi.

Mai walda ya taimaka min muka kai shi gida. Ya shiga ɗaki ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Na ja Umma zuwa kicin na gaya mata. Ba ta yi mamaki ba, Yaya, kuma wannan ya fi komai girgiza ni. Ta zauna a kan kujera ta fara faɗa min abubuwa. Wai tun kafin tafiyarka ta ƙarshe abin ya fara. Ta taɓa tsintar makullan shago a cikin firij. Ya taɓa fita sayen burodi a layinmu, wani mai babur ya dawo da shi daga bayan tasha, ya ce ya gan shi yana tsaye yana waige-waige. Yakan kira ta da sunan Gwaggo mai rasuwa, sannan ya mayar da abin wasa. Yakan yi salla ya sallame, ya tashi ya sake tayarwa. Duk ranar da ya gane ya yi irin wannan sai ya roƙe ta kada ta gaya mana, ya ce gajiya ce. Ita kuma ta rufa masa asiri don kada a ce maigidan shago ya fara ruɗewa, aiki ya gudu, ma'aikata su raina shi. Ta ce tun ranar da na kawo mata labarin lambar zuciyarta ta ba ta, amma ta kasa furtawa.

Na yi mata maganar da ban taɓa yi mata ba. Na ce da ta faɗa da Dogo yana da yatsunsa. Ta rufe fuska da gefen zane, ni ma nan take na yi da-na-sani, muka zauna muna kuka mu biyu, ruwan da ta ɗora yana ta tafasa babu mai saukewa.

Ni da nake tare da shi kullum a shago ban ga komai ba. Yana tambayata abu sau biyu in ce gwada ni yake yi. Yana mantuwa da sunan mai kawo mana ƙarfe in ce tsufa ne. Wa zai kalli Baba ya kawo wannan a ransa?

Zan kai shi asibiti ko yana so ko ba ya so. In akwai yadda za ka nemi hutu, ka fara nema.

Ƙanwarka,
Auta


Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ni da baban yara da Umma. Mun ji daɗi da ka ce shugaban jirginku ya yarda zai sauke ka a tasha ta gaba. Allah ya kawo ka lafiya. Matarka ta fara share ɗaki tun yanzu, kamar gobe za ka iso.

Baba bai yi gardamar zuwa asibiti ba. Likitar ta yi masa tambayoyi, ta sa shi ya zana agogo, ta faɗa masa kalmomi ta ce ya riƙe, can ta tambaye shi ya kasa kawo su. Aka ɗauki hoton kansa. Ta kira ni da Umma gefe ta ce ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa, amma akwai magani da ke rage masa sauri. Ta ce za a yi ranakun da zai zama kamar babu abin da ya same shi, a yi waɗanda ba haka ba. Faɗan da ya yi wa Dogo ma ta ce yana daga cikin ciwon. Ta hana shi tuƙi da taɓa inji. A hanyar dawowa shi da kansa ya ce in canza lambar sirrin Giwa, kuma kada in gaya masa ko da ya tsine min. Na canza. Ya riga ya tambaye ni ita har da faɗa, na ce na manta, ya ce yaran yanzu ba mu da kai.

Ni na fara zuwa gidan Dogo na gaya musu komai. Dogo ya ce shi ma ya lura da wasu abubuwa, amma ba huruminsa ba ne ya faɗa. Matarsa kuwa ta ce ciwo ko ba ciwo ba, mijinta ne ya rasa yatsu, kuma a gaban 'ya'yansa aka ci masa mutunci. Ban ga laifinta ba.

Shekaranjiya Baba ya tashi garau, ya tuna komai. Ya yi wanka ya saka kayansa masu kyau ya ce in kai shi ya nemi gafarar Dogo. A cikin mota yana ta maimaita abin da zai faɗa: shi ya raba lambar sau biyu, shi ya yi masa ƙazafi, ya yafe masa don Allah. Ya ce idan ya kakare in tuna masa. Cunkoso ya riƙe mu a hanya, ya daina maimaitawar, ya koma kallon taga.

Muka isa, aka yi mana iso. Baba ya shiga da fara'a, ya gaisa da kowa, ya tambayi yara makaranta, ya zauna. Sai idonsa ya faɗa kan hannun Dogo. An rage bandejin, ana ganin gurbin yatsun. Ya zabura, ya kamo hannun da hannayensa biyu ya ce, "Dogo, me ya same ka? Yaushe? Ya aka yi ba wanda ya gaya min?"

Ban tuna masa kamar yadda ya ce in yi ba. Matar Dogo ta ajiye tiren da ke hannunta, na ga za ta yi magana, Dogo ya ɗaga mata ido ta fasa. Ya ce, "Inji ne, Maigida."

Baba ya tambaya wane inji, Dogo ya ce Giwa. Ya tambaya wa ya saita ta. Ransa ya ɓaci sosai, ya ce duk wanda ya taɓa lissafin inji bai gwada ba bai cancanci ya tsaya a shago ba, a faɗa masa sunansa yau ɗin nan. Dogo ya ce, "Mun riga mun gama da shi. Na yafe masa."

Baba ya ce shi dai Dogo haƙurinsa ya yi yawa. Bai saki hannun ba. Yana shafa bayansa da babban yatsa, hawaye yana bin gemunsa, yana cewa irin wannan hannu ba a samun biyunsa. Ya ce da zarar ya warke ya dawo, wurinsa yana nan, Auta ba za ta iya ita kaɗai ba. Dogo ya ce zai dawo. Matarsa ta fita daga ɗakin, na jiyo ta tana kuka a bayan ƙofa. Da za mu tafi ita ta kawo wa Baba takalminsa ta juya masa su, amma ba ta yi masa sallama ba.

A mota mun yi nisa sai Baba ya dafa goshi ya ce akwai maganar da ya je gaya wa Dogo, ta shige masa, ko na san mece ce? Na riƙe sitiyari da kyau na ce, ai ka riga ka gaya masa, Baba, kuma ya amsa. Ya ce alhamdulillahi, ya gyara zama.

Har yanzu ban sani ba ko ƙarya na yi masa. In ka zo sai ka gaya min.

Ka sanar da ni ranar saukarka in zo in ɗauke ka. Allah ya tsare hanya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai jiran zuwanka,
Auta